Takardar Asibitin Tafo

Adiza, takardar da kika karɓo mini tana nan.
Na ninke ta huɗu, na cusa bayan madubin keke,
ta hana shi karkarwa.
Kin ga ta yi amfani.

Kin ce in je ran Talata.
Ran Talata ma Alhaji Inusa yana ƙirga kuɗinsa,
sidi ɗari da hamsin, ko ruwa ko rana.
Saura wata bakwai keken ya zama nawa.
In ya ji an gan ni a kan wancan benci
makulli zai karɓa, da murmushi, da “Allah ya sawwaƙe”.
Kuma zai ji. Aboabo ba ta barci.
Mai koko ta gaya wa mai wanki,
kafin la'asar an raɗa mini suna
da zai bi 'ya'yanki har makaranta.

Kin manta Kawu Bawa?
Ni nake kai masa tuwo gidan mai maganin nan na bayan gari.
Na ga sarƙar.
Na ga inda ta ci idon sawunsa.
Shi ma taimako aka ce.

Inna ta ce sammu ne, ta wanke allo.
Ina sha.
Ya fi daɗin haɗiya
a ce wani ne ya yi mini.

Ke kike ce mata ƙwaya.
Ni dai na san ja biyu da asuba, da ruwan leda,
sai bayana ya saki,
Kejetiya ta rage murya.

Na taɓa bari, ban gaya miki ba.
Kwana uku, da azumin bara.
Zufa na jure, amai na jure.
A dare na uku Mutala ya dawo,
kwance a kwalta, gangaren Asawase,
takalmi ɗaya a ƙafa,
yana tambayata wa ya ce a yi tsere.

Wane likita zan kai wa wannan?
Da Turanci zan faɗa, ko da Tonanci?
Ko da Hausa ban taɓa faɗa ba
sai yanzu.

Kada ki yi kuka a bakin titi, ana kallo.
Hau in sauke ki kasuwa.
Takardar ba ta jiƙe ba, na duba jiya.
Bar ta nan tukuna.