Bakin Mayafi

Tsoho Ɗanjuma ya zo shagona a Ali Ɗan Sofo
da hoton matarsa cikin waya mai tsagaggen gilashi.
Ya ce, "Wannan jan mayafi aro ta yi ranar suna.
Hajo ba ta son ja. Rina mini shi shuɗin baba."

Tsakiyar mayafi ba ta da wuya,
dannawa ɗaya, launi ya malale.
Aikin yana baki-baki,
inda yadi ya yi shara-shara rana ta ratsa,
inda silin furfura uku suka leƙo,
rabi a mayafi, rabi a iska.

Na yi ta buɗa hoton har fuskarta ta watse
ta koma ƙananan fegi, kowane da kalarsa.
Can babu iyaka.
Ɗigo guda, ja kaɗan, katangar bayanta kaɗan.
In na datse shi kaifi ɗaya
za ta fito kamar an yanko ta da almakashi
an manna a tsakar gidan wasu.

Sai na sassauta hannu kan linzami,
na bar shuɗin ya tsattsafa
yadda ruwan Gulbi ke shiga yashi,
ba mai nuna maka inda danshi ya ƙare.

Wuta ta ɗauke. Ban adana ba.
Na sake daga fari.

Da la'asar ya dawo, ya jima tsaye.
Mayafin bai ce komai a kansa ba.
Ya kai farce kusa da kunnenta:
"Gashin nan, ashe ka bar shi."
Ya ajiye jika guda kan tebur,
ya fita, ya manta hularsa.