Raɓar Da Rana Ba Ta Sha

Irin ya zo mini a ambulan
daga Ɗayyabu, ɗan ƙanwata mai karatun tsirrai.
Na buɗe, sai ɗan baƙin gari
kamar ragowar kwalli a gindin tandu.
Ya rubuta: Kawu, kada ka binne shi.
Ban da taki, ban da toka, ban da ruwan rijiya.

Na yi dariya.
Shekara talatin da ɗaya ina malamin gona
daga Ajiwa har Jibiya,
yaron da na yi wa wankan jego a idona
shi zai koya mini shuka?

Tukunyar farko na ba ta kashin awaki.
Ta biyu ta sha famfon Ƙofar Marusa.
Ta uku tausayi ya kama ni,
na yafa mata takin zamani,
ƙwaya huɗu, wallahi ba su kai biyar ba.
Duk ukun suka baƙe kamar kan ashana.

Sai na sauke hula.
Na wanke yashi sau bakwai,
na haɗa da gashin kwakwa da ya jiƙu har ya daina ja,
ƙasar da ko tsidau zai raina.
Damina na sauka na tari durom biyu,
na sa musu kwaɗo.
Lantana ta ce: yau ga gidan da ake kulle ruwan sama
a bar buhun gero a buɗe.

Wata uku, ga ta.
Ganye siriri, jan gashi a kai,
kowane gashi da ɗigonsa.
Na ce raɓa ce.
Hantsi ya yi, azahar ta wuce, ɗigon na nan.
Na taɓa: yauƙin kuɓewa, riƙon ƙaro.

Sauro ya sauka shan ruwa.
Ƙafa ɗaya ta kafe,
ya sa ta biyu don ya ciro ta farko,
yadda bashi ya yi da Ɗan'azumi mai shago.
Ita ba ta gaggawa.
Daga la'asar zuwa isha'i ganyen ya naɗe
kamar tabarma bayan tashin baƙi.
Da ya ware bayan kwana huɗu
fiffike ne kawai, iska ta ɗauke.

Audi mahauci ya leƙo ya daɗe tsugune.
Ya ce: abokiyar sana'a ce,
sai dai ban ga wuƙa ba. Wa ke mata bisimilla?
Nasiba jikata na tara mata ƙuda a kwalin ashana.
Ran Juma'a ta zo da yankan tsire,
da ƙyar na riƙe hannunta.

Ni da na gaji da faɗa wa manoma
ku ciyar da ƙasa ta ciyar da ku,
ga wadda ƙasarta ba ta ba ta komai ba,
ba ta kuma tafi cin rani ba.
Ta tsaya inda take, ta shimfiɗa wa iska hannu.

Yanzu bazara ce.
Na rataya mata jiƙaƙƙen buhu ta yamma,
ina auna ruwanta da ludayi.
Durom ɗaya ya bushe, ɗayan saura kamu biyu.

Daren jiya aka yi tsawa ta gabas.
Kafin in lalubo takalmi
na tarar da Lantana tsakar gida,
ba ɗankwali,
ta ɗaga tasa sama da hannu biyu.