Kwalin Takalmi

Ranar Laraba, ƙarfe huɗu da kwata,
ina kwance ƙarƙashin motar Don Fulgencio,
Itzel ta faɗo shago, ko jaka ba ta sauke ba,
ta tsuguna, ta zuro mini waya
tsakanin taya da siminti.
Na ce hannuna duk baƙin mai ne, karanta.

Ta karanta, muryarta na rawa.
An ɗauke ta tun yanzu,
tun shekara ta biyu ba ta ƙare ba:
digiri na farko da na biyu a igiya guda,
shekara biyar maimakon shida,
ilimin akanta daga saiwa har ganye.
Mutum ashirin da biyu aka tsamo,
ita kaɗai ce 'yar Laredo.

Na yi shiru ƙarƙashin ƙarfe.
Mai na ɗiga a kunnena, ban kauce ba.

Ni da lissafi tsohuwar gaba ce.
Shekara goma sha ɗaya ke nan
wani mai kwat ya cika mini takardun haraji,
ya karɓi dala ɗari uku, ya ba ni hannu mai laushi.
Da wasiƙar hukuma ta iso
ta ci rabin shagon nan cin gara.
Itzel na da tara a lokacin.
Ita ta juya mini wasiƙar zuwa Sifaniyanci,
tana bin layi da ɗan yatsa,
tana tsallake kalmomin da ta ga
za su yi wa ubanta nauyi.

Tun ranar kwalin takalmi ya koma hannunta.
Rasit na faci, rasit na batir,
na tsoffin tayoyi daga hayin kogi,
wasu mai ya jiƙe su, wasu rana ta lashe tawadarsu.
Sa'o'inta na tara 'yan tsana,
ita tana jera takardu wata-wata da roba.

Da dare, kan teburin cin abinci,
Remedios na juya wainar masara a kasko,
na ce: shekarunki ashirin, 'yata.
Za ki ɗaure shekara biyar da ƙulli ɗaya?
In gobe kin farka kina son wani abu fa?
Ta ce: kai ke cewa da zafi ake dukan ƙarfe.
Uwarta ta yi dariya har ta ƙona guda.

Suna son bayanin samun gida kafin Litinin,
sai ta zazzage kwalin tsakanin faranti.
Can ƙasa, ninki huɗu, ga takardar da na manta.
Ta buɗe. Ta daɗe.

Baba, ka ce injin ne ya mutu.

Jar motata ta ɗaukar kaya,
dala dubu shida da ɗari huɗu, watan Agusta,
makon da aka biya kuɗin zangonta na farko.
Shekara biyu ina hawa bas da akwatin sifana,
ina cewa likita ne ya ce in riƙa tafiya.

Ta ce: a wane shafi zan sa wannan?
Na ce: sa shi a asara, a wuce wurin.
Ta ce a'a. An koya musu
kowane kuɗi ƙafa biyu gare shi,
abin da ya fita ta hagu
dole ya tsaya a dama,
in ba haka ba littafi ba ya rufuwa.
Ta ɗauki fensir, ta rubuta: bashi.
Ta sa sunanta a gefe.

Da gida ya yi tsit na taso a hankali,
na goge, na hure ƙurar, na koma na kwanta.

Da asuba ta kama bas ɗin San Antonio.
Na buɗe littafin ina kurɓar kofi.
Kalmar ta dawo mazauninta,
wannan karon da biro.