Shafi na Arba'in da Ɗaya

Barira ta iso Aboabo ran Asabar,
tana jan akwati mai taya, nauyi kamar an cika shi da dutse.
Na ce, tsarabata ce?
Ta ce, "Baba, takardu ne. Litinin zan tashi."

Wani kamfani ne, in ji ta,
ya kawo injinan wuta shekara tara da suka wuce.
Aka sa hannu, aka ɗauki hoto, aka sha lemo.
Gwamnati ta sauya, magana ta sauya,
injinan na can, ciyawa ta haɗiye su.
Yanzu ya kai mu ƙara,
ba a Akra ba, ba a nan Kumasi ba,
can hayin teku, a wani ɗaki mai sanyi,
gaban mutum uku da ba su taɓa kwana cikin duhunmu ba,
ba su san kukan sauro in fanka ta tsaya ba.

Na ce, alƙalanmu fa, mutuwa suka yi?
Ta ce, "Suna nan da ransu.
Layi biyu ne a shafi na arba'in da ɗaya suka sallame su."

Sai na tuna kakanta, Tanko mai masauki a Alabar.
Falke ya zo daga Sakkwato ya ce an cuce shi,
rabin huhun goro sankara ta ci.
Opanin Boakye ya rantse lafiya ya ɗaure.
Tanko bai nemi jirgi ba.
Buzu ya shimfiɗa a zaure, ya ce a kwance huhun,
kowa ya sa hannu ya tsince ruɓaɓɓe,
aka ƙirga, aka raba asara,
kafin la'asar sun koma ciniki.
Baƙo ya yarda da shi don yana kwana a gidansa,
ɗan gari ya yarda da shi don gobe ma za su haɗu.

Amma kada in yi wa kaina ƙarya.
Mu ma da ƙafa muka zo.
Ina ɗan shekara goma sha ɗaya aka ce baƙi su tattara,
na ga maƙwabcinmu Lasisi ya sayar da shago a kuɗin akuya,
babu zauren da zai kai kuka.
Tsoron baƙo ba hauka ba ne.
Ga filina na Sawaba, shekara goma sha huɗu a kotu,
alƙali biyu sun yi ritaya a kansa,
wanda muke shari'ar ma ya rasu, ɗansa ya gaje ni.
Da ina da dala, wa ya sani,
ƙila ni ma da na haye tekun.

Ta ce ana rubuta sabon tsari:
a fara zama wata shida a nemi sulhu,
in ya gagara, a yi hukunci a gida.
Na ce, madalla, a dawo da buzu,
amma a share zauren tukuna,
kuma mai sa hannu ya karanta kafin hoto.
Don in aka kayar da ku,
ba shi zai biya ba.
Lantana mai koko ce za ta biya,
sidi-sidi, duk ran da ta je sayen wuta,
ba tare da ta san an taɓa kai ta ƙara ba.

Muna cikin haka aka ɗauke.
Ta kunna fitilar waya, ta koma kan layin nan biyu.
Na lalubi aljihu, na ba ta farin goro ɗaya,
na ce in kin shiga ki fasa, ki miƙa musu ɓari.
Ta ce, "Baba, ba haka ake yi a can ba."
Da asuba na ga ta naɗe shi a ganye,
ta tura shi can ƙasan takardun.