Littafi Biyu na Likita Nomau

A gindin dutsen Kwatarkwashi,
inda ruwa ke tsattsafowa da ɗumi,
Likita Nomau ya kafa teburinsa.

Masu sanyin ƙashi kan zo bisa jaki.
Ya sa su tsoma ƙafa,
ya saurari ƙirji,
sannan ya tambaya: "Wa ya haifi kakanka?"

Littafi biyu gare shi:
ɗaya na allura da ƙwaya,
ɗaya na rijiyoyin da suka cike
da sunayen mahaƙansu.

Tsohuwa Tumba ta warke, ta tafi,
ta bar labarin shekarar fāra rabi.
Bayan girbi ya bi ta Mada a keke,
ya tarar an naɗe tabarmarta.

Shafin nan har yau fari fat.
Gara ma ta tsallake shi.