Guga a Rijiya

Ƙarfe tara da 'yan mintuna, a shagona na Ƙofar Guga,
na ce wa dillalin ƙunshi ya sabunta kansa.
Layi ɗaya na rubuta. Na danna.
Na juya in zuba shayi.

Shekara uku ke nan yana yi mini aike.
In ce kawo mai lissafin kwanaki, ya kawo.
Kawo mai buga rasit, ya kawo shi har da 'yan rakiya.
Ya san wanda ke jituwa da wane,
ya san waɗanda in sun haɗu ɗaki guda sai an raba.
Ban taɓa tambayar inda yake kwana ba.

Ya tuɓe tsohuwar riga ke nan,
sabuwar tana wuya, kashi sittin da ɗaya,
aka ɗauke wuta.
Batirin kwamfutar kuwa tun bara ya zama ado.

Da janareton Sada mai walda ya tashi, na jona,
na kira shi.
Allo ya ce bai san mai wannan suna ba.
Na sake kira, a hankali, harafi bayan harafi.
Jan rubutu ya zubo, layi goma sha bakwai,
na ƙarshe ya ce an nemi wani sashe, babu.

Wanda zan aika ya ɗauko gyara
shi ne kwance.
Guga ya faɗa rijiya, igiya ta bi shi.

Gobe kuma Hajiya Lantana za ta biya
mata arba'in da biyu masu sheƙar riɗi,
kuma kwanakinsu, da mudunsu, da bashin da suka ci,
duk suna cikin manhajar da na rantse mata ba ta mantuwa.

Na yi abin da mai firgici ke yi:
na goge nan, na kwafo can,
na ƙara rami a kan rami.
Shayin ya yi sanyi, ƙudaje biyu sun yi wanka.
Sada ya leƙo: "Mi ya hwaru, Injiniya?
Mai ya kusa ƙarewa fa."

Sai na tuna Gwaggo Tabawa a Rafin Daɗi.
In guga ya faɗa ba ta salati da ƙarfi.
Sai ta leƙa tukuna, ta ga inda ya kwanta,
sannan ta ce a ɗauko ƙugiya a bayan rumbu.

Na leƙa.
Ga shi can ƙasa, rabi tsoho rabi sabo,
da wata jaka mai gurguntaccen suna
da ya bari a bakin ƙofa lokacin da duhu ya same shi.
Na kwashe ta. Na share wurin tas.

Ashe harshen da kansa yana da ajiya:
wani ƙaramin dillali, tsohon yayi,
naɗe a cikinsa tun ranar da aka girka shi,
kamar irin da ba a taɓawa ko da yunwa.
Na tashe shi.

Shiru.
Ɗigon nan yana ƙiftawa, ni ma ina ƙiftawa.
Sai ya faɗi sunansa da lambarsa.
Tsohuwa ce, amma tasa ce.

Na miƙa masa takardar sunaye, ya fita aike.
Ashirin da uku suka dawo lafiya.
Ɗaya ya ƙi zama da sabon maƙwabci,
na mayar da shi shekarar da ya saba, ya kwanta.

Na gwada da Barira: kwana shida, bashin dubu biyu.
Lissafi ya fito daidai da na littafin Hajiya,
har da naira hamsin ɗin da suke gardama a kai.

Janareto ya yi tari, ya yi tari.
Kafin ya mutu, dillali ya ƙara layi a ƙasa, cikin ladabi:
akwai sabon fitowa, ko in sabunta?

Na ce na ji.
Bari in sayi batir tukuna.