Lissafin Gawayi

Tun ladanin Aboabo bai gyara murya ba na tashi,
littafi a cinya, fitilar waya a haƙora,
ina daidaita shiga da fita
na wani kamfani marar ƙofa
a ƙasar da ban san ɗanɗanon ruwanta ba.

Mota biyu ce zuwa jami'a.
Yaron mota na kiran Kejetiya kamar yana bin ta bashi.
A aji mu arba'in da ɗaya ne, tuta goma sha uku:
ga Akosuwa, ga Fode na Konakiri,
ga 'yar Kigali mai rubutu da hagu.
Kuɗin makaranta da dala ake faɗa,
da sidi muke biya,
tsakanin faɗar da biyan
keken ɗinkin Baba ya bi wani baƙo.

Dakta Ampofo ya ce, ku nemo sana'a mai rai ku auna.
Wasu suka nufi banki da takalma masu ƙara.
Ni na sauka a rumfar Goggo Fureratu,
shekara talatin da huɗu tana goro a Kumashi.

Na ce, Goggo, ina littafinki?
Ta nuna garu da haɓa.
Zanen gawayi ne birjik,
kowane layi ƙwarya, kowane gungu mutum.
Wannan na Sanda direba.
Wannan mai karkata na matar liman,
ita ba a tuna mata, sai ta tuna.

Na ce, raguwar darajar kaya fa?
Ta ɓare daushe guda,
ga sankara kwance tana barcinta.
Ta ce, au, har ita ta yi suna a makaranta?
Ta yayyafa wa huhu ruwa, ta sauya ganye,
tana zaɓe da yatsu ba da ido ba.

Can kusa da ƙusar da take rataye carbi
akwai dabbare, sawun tafi a jiki.
Ɗanjuma mai wanki, ƙwarya bakwai.
Ya rasu cikin azumi.
Ta ce, na goge kafin a ɗauko makara,
kada a tsare bawan Allah a can saboda goro.

Dare uku ina neman gurbin wannan a jadawali.
Asara? Kyauta? Kuɗin talla?
Na sa shi a asara, hannuna na nauyi.
Dakta ya zagaye da jan biro:
babu jingina, babu wa'adi, babu tsarin karɓa.
Gaskiyarsa ce.
Na duba sau biyu, gaskiyarsa ce.
Sittin da takwas ya ba ni.

Ranar Asabar aka yi ruwa irin na garin nan,
kwata ta cika ta tumbatsa,
muka janye huhuna ciki, muka zauna.
Ta ce, sittin da takwas cikin ɗari?
To, talatin da biyun wa ya ci?
Na yi dariya har littafina ya faɗi,
na sunkuya ɗauka,
sai ga wani gungu can ƙasa, bayan kwando,
layi a kan layi, ya fi na kowa tsawo,
baƙi wul, ba na bara ba.

Na ce, wannan fa, wane mai taurin bashi ne?
Ta ci gaba da zaɓen goronta.
Ruwa na dukan kwano.
Na tuna zangon da Baba ya ce min an samu,
bai ce daga ina ba,
ni ma ban tambaya ba.

Na ƙirga a zuci, na ɓace, na sake.
Ba dala a garun, ba sidi,
ƙwarya ce kan ƙwarya.

Ta miƙo min farsa, fara, mai sanyi.
Ta ce, ci, gobe akwai karatu.
Sannan ta shafa garun da ido kawai,
tafinta na kan cinya.
Wannan, ta ce, ba zan goge ba.
Ka rayu ka biya.